Neman ɓurɓushin ƙarfe a ƙwaƙwalwar ɓera

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin gwajin jini a arewacin Kamaru ya san abin da tsakiyar damina ke kawowa. Daga Agusta zuwa Oktoba gilasan da aka shafa wa jini sai su yi tsibi a kan tebur, ka ɗauki wannan ka sa a madubin ƙara girma ka ga ƙwayar maleriya, ka ɗauki wancan ka sake gani. Galibin yaran da an ba su magani suke miƙewa. Amma akwai waɗanda ake shigowa da su a saɓe a kafaɗa, jiki na jijjiga, ido ya kafe, uwa na kiran suna ba amsa. Maleriya ce ta hau ƙwaƙwalwa, kuma ko an yi musu allura a kan kari, wasu ba sa dawowa daga wannan suma.

An daɗe ana gardama a kan ainihin abin da ke kashe su. A 2015 aka wallafa wani bincike da aka yi a Blantaya ta ƙasar Malawi, inda aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 168 da na'urar MRI. Yara 25 suka rasu, kuma 21 daga cikinsu hotonsu ya nuna ƙwaƙwalwa ta kumbura ƙwarai. Ƙoƙon kai ba ya miƙuwa, don haka kumburin kan danne wurin da ke sarrafa numfashi. To daga ina kumburin ke somawa, kuma waɗanne ƙwayoyin jini ne ke taruwa a wurin kafin ya soma? Ba a jikin ɗan mutum za a nemi wannan amsa ba. Shi ya sa ake komawa kan ɓera, shi ya sa ni ma, ɗalibin nazarin halittu daga Ngaundere, na tsinci kaina a wani ɗakin bincike a Faransa ina koyon neman jijiya a jelar ɓera. Tsarin karatun nawa raba-daidai ne: a ɗauki hotunan can inda na'urar take, in dawo gida in karanta su.

Kafin a bar ni in taɓa dabba ko ɗaya sai da na zauna aji. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 ta wajabta horo ga mai gwaji da dabbobi, kuma kowane aiki sai kwamitin ɗa'a ya sa masa hannu. Ƙa'idojin da ake bi tun 1959 wasu masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa su: in akwai hanyar da ba ta bukatar dabba a bi ta, in ya zama dole a rage yawansu, waɗanda aka yi aiki da su kuma a sauƙaƙa musu wahala. A takardar izininmu an zayyana alamomin da in ɓera ya nuna su dole a kawo ƙarshen gwajin nan take, ko an samu hoto ko ba a samu ba. Wajen rage yawan dabbobin kuwa MRI na da amfani: ɓera guda za a ɗauka yau, a sake ɗaukarsa gobe, a gwada shi da kansa, ba sai an kashe wasu yau wasu gobe ba.

Ƙwayar cutar da ake sa musu ba falsifarom ɗin da ke addabarmu ba ce, ita ba ta kama ɓera. 'Yar uwarta ce, Plasmodium berghei, da aka gano a 1948 a jikin ɓerayen daji a Katanga ta Kwango. Akwai reshenta da ake kira ANKA. In aka sa shi ga baƙaƙen ɓerayen ɗakin gwaji masu lamba C57BL/6, wajen kwana na shida zuwa na takwas sai gashi ya tashi, tafiya ta koma tangaɗi, ka kwantar da shi rigingine ya kasa mirginowa, daga nan sai suma.

Abin da muke zubawa a jininsu kuwa, a ido ruwa ne baƙi mai ratsin ja a 'yar kwalba. A cikinsa akwai ƙwayoyin ƙarfen da ya haɗu da oksijin, dangin tsatsa, an lulluɓe kowace da wani nau'in sukari don kada su dunƙule. Wanda muka yi aiki da shi, ferumoksitol, girman ƙwayarsa nanomita 17 zuwa 31 ne. Sai nanomita miliyan ɗaya ake samun milimita ɗaya. Jar ƙwayar jinin mutum, da ita ma sai da madubi ake ganinta, ta kai nanomita 7,000 zuwa 8,000. Abin ban dariya, ba don hoto aka fito da shi kasuwa ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2009 don maganin ƙarancin jini ga masu ciwon ƙoda. Waɗanda aka ƙera musamman don hoton hanta a shekarun 1990, irin su Feridex, ba su yi kasuwa ba har aka daina yin su. Masu bincike suka ga wannan na ƙarancin jinin zai iya aikin, suka ara.

Wanda ya taɓa raka mara lafiya ɗaukar hoton MRI zai iya tuna wata allura da ake yi a tsakiyar aikin. Wannan gadoliniyom ne, ana amfani da shi tun 1988, kuma haske yake ƙara wa hoto. Ƙanƙane ne sosai, ƙoda na fitar da shi cikin sa'o'i kaɗan. Yana nuna inda shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya yage, amma ba ya faɗa maka wa ya yaga shi. Ƙarfe shi daban ne. Yana daɗewa a jini, a jikin mutum sai bayan kimanin sa'a 15 rabinsa ke barin jijiya, kuma fararen ƙwayoyin jinin nan masu haɗiye duk baƙon abu, makrofaj, suna cinye shi. Duk inda suka taru daga baya, da ƙarfen a cikinsu suke taruwa. Sawunsu muke bi.

Sai dai na'urar ba ta ganin ƙarfen ko kaɗan. Ruwa take saurare. Kowace ƙwayar haidirojin da ke cikin ruwan jiki ɗan ƙaramin maganaɗisu ce. In aka shigar da jiki cikin babban maganaɗisu aka buga masa igiyar rediyo a zangon da ya dace, ƙwayoyin kan amsa baki ɗaya, sannan amsar ta yi ta dushewa har ta mutu tun sakan bai cika ba. Zangon ya danganta da ƙarfin maganaɗisun, megahaz 42.6 ga kowane tesla, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Na asibitoci galibi tesla 1.5 ne ko 3. Tamu ta ɓeraye tesla 7 ce, kusan megahaz 300 ke nan, kuma ta ninka maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, fiye da sau 100,000. Ƙwayar ƙarfe in ta shiga wannan fili ita ma sai ta zama maganaɗisu, ta hargitsa ruwan da ke kewaye da ita, amsarsa ta watse da wuri. Inda amsa ta mutu da wuri, nan hoto ke yin baƙi. Masunta a Binuwai ba dutsen da ke ƙarƙashin ruwa suke gani ba, murɗawar ruwan suke gani su kauce, kuma murɗawar ta fi dutsen faɗi. Haka muke da ƙarfen nan. Faɗin hargitsin shi ke sa abin da madubin ɗakin gwaji ma ba ya nunawa ya fito a hoto, shi kuma ke hana ka auna baƙin ɗigo ka ce girman ƙarfen ke nan.

Aikin farko da aka danƙa mini na bututu ne. A narka agar, wani gari da ke daskarewa in ya huce, a zuba a ƙananan bututan roba, kowanne da nasa awon ƙarfe daga babu har mai yawa, a bar su su daskare, a jera su a na'ura. Da su ake gane yadda baƙin ke ƙaruwa da yawan ƙarfe. Ma'aikaciyar da ke kula da na'urar ta ɗaga bututuna ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila tana neman kumfa, domin kumfar iska guda a cikin agar baƙin ɗigo take bayarwa, sak irin na ƙarfe. Tun daga ranar na san inda wahalar aikin take.

Ranar ɗaukar hoto tana farawa daga bakin ƙofa. Makulli, waya, agogo, katin banki, kwabbai, bel, duk a kwando. Maganaɗisun ba a kashe shi, dare da rana, ko wuta ta ɗauke yana nan da ƙarfinsa, domin wayoyinsa na nitse cikin ruwan heliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, kuma a wannan sanyi lantarki na zagaye su ba ya raguwa. Almakashin ƙarfe in ya kuɓuce a kusa da bakin na'urar, tashi zai yi.

Ɓeran bai wuce giram 20 zuwa 25 ba, ƙwaƙwalwarsa ba ta kai rabin giram ba. Ana sa shi a ɗan akwati mai gilashi a sakar masa iskar isofuloren, kafin ka ƙirga sittin ya lanƙwashe. Sai a kwantar da shi rub da ciki a kan wani dogon gado na roba, haƙoransa na gaba a maƙale da wata 'yar sanda don kada kai ya motsa, hanci a cikin mazurarin da ke ci gaba da kawo iskar barcin. A shafa masa man ido, saboda ɓera a cikin barcin magani ba ya ƙiftawa, idon zai bushe. A ƙarƙashin ƙirjinsa akwai ɗan matashi mai jin numfashi, a duburarsa ma'aunin zafi, a kewaye da shi bututun ruwan ɗumi, domin ƙaramin jiki irin wannan nan da nan yake sanyi, kuma dole ya zauna kusa da digiri 37. Sai jela. Jijiyoyi biyu ne a gefenta, sirara ƙwarai. Ka ɗumama jelar su fito, ka miƙe ta tsakanin yatsu biyu, ka shigar da allura a kwance, kusan a manne da fata. In ta shiga za ka ga jini ya ɗan leƙo a bututun, ruwan gishirin da ka tura ya wuce ba turjiya. In ba ta shiga ba fatar ta yi fari ta tasa. A ɓeran da maleriya ta kama jijiyoyin sukan shafe, saboda jini ya ragu, jiki ya bushe, nan ne ake gane hannun da ya ƙware. Allurar na haɗe da wani siririn bututu mai tsawo da ke fitowa har wajen na'urar, don a iya tura ƙarfen ba tare da an taɓa dabbar ba.

Daga nan sai a tura gadon cikin ramin, a koma ɗakin kwamfuta. Na'urar ta fara ƙwanƙwasa da ruri. Idonka ɗaya a kan hoto, ɗaya a kan layin numfashin da ke hawa da sauka a gefen allo. In ya yi sanyi ka rage iskar barci, in ya yi sauri ka ƙara kafin ya farka ya ɓata komai.

Hoton farko ana ɗaukarsa kafin a zuba komai. A ganina duk aikin a kansa ya rataya, kuma zan dawo kan dalili. Bayan shi sai a tura ƙarfen a hankali, a maimaita hoton daidai yadda aka yi na farko. Wannan na biyun yana da ban sha'awa: ƙwaƙwalwar da ɗazu take toka-toka sai ga baƙaƙen zare sun ratsa ta ko'ina, jijiyoyin jini ne cike da ƙarfe, har ƙanana da ba a ganin alamarsu a da. Amma bai ce komai ba tukuna a kan makrofaj. Don wannan sai a jira kamar yini da kwana, jini ya wanke, hanta da saifa su kwashe mafi yawa, abin da ya saura a ƙwaƙwalwa shi ne abin nema. A nan lissafi ke cakuɗewa, domin cutar ba ta jira. Ɓeran da ke yawo lafiya da safe zai iya kaiwa alamomin da takardar izini ta ce a tsaya kafin magariba. In ka zuba ƙarfen da wuri, cutar ba ta kai ƙwaƙwalwa ba. In ka jinkirta, dabbar ba za ta kai hoto na uku ba. Malamar da ke kula da aikina takan shiga ɗakin ɓerayen da asuba ta tsaya tana kallon yadda suke tafiya, daga nan take yanke ranar.

Bayan hoton ƙarshe, ɓeran na cikin barci mai nauyi ake kawo ƙarshen ransa, a wanke jijiyoyinsa da ruwan gishiri don fitar da jini da duk ƙarfen da ke yawo a ciki, a bi da ruwan formalin mai hana nama ruɓewa, a ciro ƙwaƙwalwar a ajiye don yankawa.

Na dawo Ngaundere da faifan ajiya a aljihun gaba, ban yarda na sa shi a jakar da ake aunawa ba. Kafin in taso malamar ta goge sunayen fayil ɗin duka ta sa musu lambobi, ta riƙe makullin a wurinta. Ban san wane hoto ne na ɓera mai cuta ba, wane ne na lafiyayye, wane ne aka zuba wa ƙarfe, wane ne aka zuba wa ruwan gishiri kawai. Ido yana ganin abin da zuciya ke so, maganin ke nan. Ta kuma ce in nemi mutum na biyu da zai karanta hotunan shi kaɗai, mu gwada sakamako daga baya. Na samu wani abokina ɗan Njamena mai karatun fizis a jami'ar Ngaundere da ke Dang, ɗaya daga cikin ɗimbin 'yan Cadi da ke karatu a can. Bai taɓa riƙe ɓera ba, amma lissafin ya fi ni saninsa.

Wannan ɓangare ba ya bukatar na'ura mai tsada. Kwamfutar cinya ce da manhajojin kyauta, ImageJ da ITK-SNAP, sai batiri mai riƙe caji, domin watannin rani wuta ba ta da tabbas. Kowane hoto an ɗauki amsar ruwan sau da yawa a jere, tazarar milisakan kaɗan. Daga yadda amsar ke dushewa a kowane ɗigon hoto ake lissafa lamba guda, saurin dushewa, wanda a takardu ake rubutawa R2 da tauraro. Lambar na hawa da yawan ƙarfe, kamar yadda bututan agar suka nuna. Sai a ɗora hoton gobe a kan na jiya su dace daidai, wanda ba ƙaramin aiki ba ne tunda ɓeran an sauke shi an sake kwantar da shi, kuma ƙwaƙwalwar da ta kumbura ta sauya siffa. Sai a zana iyakar kowane sashe da hannu, yanki bayan yanki, a ɗebe lambar jiya daga ta yau.

Rannan muna zaune da kwamfutoci biyu a ɗakina, abokin nan ya juyo da tasa ya nuna mini wani baƙin tabo a ƙasan ƙwaƙwalwa, gefe da gefe.

"Malam, wannan ka ƙirga shi?"

Na ce masa ya buɗe hoton kafin allura. Ya buɗe, tabon na nan daram.

"Kunne ne," in ji shi da kansa. "Iskar da ke ramin kunne."

Haka ne. Inda nama ya yi iyaka da iska maganaɗisun kan karkace, amsa ta mutu, wurin ya yi baƙi. Wannan mai sauƙi ne, hoton farko ya kore shi. Masu wuyar su ne waɗanda babu su jiya, ga su yau, kuma duk da haka ba lallai ƙarfenmu ba ne. Jini kansa ƙarfe ne da shi. Jar ƙwayar jini in ta sauke oksijin ɗinta tana hargitsa maganaɗisu, don haka jijiyar da jini ya tsaya a cikinta baƙa take fitowa. Maleriyar ƙwaƙwalwa kuma an san ta da ƙananan ɗigon zubar jini, su ma baƙaƙe. Ga na uku wanda ya keɓanta da cutar tamu: ƙwayar maleriya tana cin sinadarin jan jini, ta tara ragowar ƙarfensa a matsayin wasu baƙaƙen lu'ulu'ai da ake kira hemozoyin, waɗanda duk mai duba gilashin jini ya san su, kuma su ma suna amsa maganaɗisu. Wato a ƙwaƙwalwar ɓera mai maleriya abubuwa uku ne ke iya yin sabon baƙin ɗigo ba tare da an zuba masa komai ba. Abin da ya sa ake da rukunin ɓeraye masu cuta da ba a ba su ƙarfe ba ke nan. Na karanta rubuce-rubucen da ke nuna hoto ɗaya mai kyau da kibiya a kan ɗigo, a ce ga makrofaj. Yanzu in na ga irinsu sai in fara neman hoton kafin allura, in babu, ba na ba su nauyi.

Mun yi ta jayayya a kan ɗigo-ɗigo, shi yana kafa hujja da siffa da lamba, ni da abin da na sani na jijiyoyin wurin. Inda muka saɓa muka sa alama muka bar shi, ba wanda ya gyara nasa don ya dace da na ɗan'uwansa.

A tsakanin nan ne kawuna, wanda ya tsufa a sana'ar fawa, ya ce in nuna masa abin da ya kai ni Turai. Na buɗe masa hoton. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, da ransa aka ɗauki wannan?"

"Da ransa, Kawu. Barci yake."

Ya ce shi ya sha fasa kan tunkiyar da ke zagaye wuri ɗaya ba ta tsayawa, ya tarar da jakar ruwa a cikin ƙwaƙwalwa. Na san abin da yake nufi, tsutsar ciki ce ta kare, ƙwanta ke shiga tumaki ta ciyawa. "Mu sai mun fasa muke gani," in ji shi. Na ce masa mu ma a ƙarshe sai mun fasa. Ya tambayi yadda ake kashe su, na faɗa masa. Ya gyaɗa kai ya ce to, an umarce mu da wasa wuƙa da hutar da dabba, in dai ba wasa kuke da rai ba. Sai ya koma tambayar da ta fi damunsa, ko gwamnati ce ke biyan kuɗin abincin ɓerayen.

Fasawar da na faɗa masa ita ce ta raba gardama. A can Faransa aka yanyanka ƙwaƙwalen sirara-sirara, kaurin kowane yanki 'yan maikiromita (sai dubu suke yin milimita ɗaya), aka rina su, aka ɗauki hotonsu aka turo mana ta intanet, manyan fayil da sai tsakar dare suke yarda su sauka. Rinin tsoho ne, wani likitan Jamus mai suna Max Perls ya bayyana shi a 1867: ruwan asid da wani gishirin fotasiyom, in suka taɓa ƙarfen da ba ya ɗaure cikin sinadarin jan jini sai wurin ya koma shuɗi. Kyawunsa shi ne yana rarrabe abin da MRI ya haɗa. Ƙarfenmu shuɗi yake fitowa, a dunƙule cikin ƙwayoyin da suka haɗiye shi, galibi a gefen jijiya. Sabuwar zubar jini ba ta yin shuɗi, jajayen ƙwayoyi ne kawai a wajen jijiya. Hemozoyin ma ba ya karɓar rinin, yana nan baƙi-baƙi mai ruwan ƙasa, kuma yana ƙyalli a ƙarƙashin haske na musamman. Saura tsohuwar zubar jini, wadda bayan 'yan kwanaki jiki ke warware ƙarfenta ita ma ta yi shuɗi. Ita sai rukunin da ba a ba ƙarfe ba ke tona ta.

Haɗa yankin madubi da yankin MRI wani ciwon kai ne. Nama ya tsuke a formalin, wuƙa ba ta bi daidai kusurwar da na'ura ta bi ba, kuma yankin MRI guda ya ƙunshi kaurin yankan madubi masu yawa. Da manyan jijiyoyi da ramukan ruwan ƙwaƙwalwa muke gane wuri. Wasu ɗigogin da muka saɓa a kansu sun fito shuɗi, wasu zubar jini, wasu kuma wuƙa ba ta bi ta kansu ba, suka zauna a jerin da ba a yanke hukunci ba.

Da muka tura teburin lambobinmu, sannan malamar ta turo makullin. Abin da ya fito bai saɓa wa abin da manya suka riga suka gani ba: a ɓeraye masu cuta canjin ya fi yawa can gaba, a sashen jin ƙamshi da ke bayan hanci. Masu bincike a Osaka ta Jafan sun nuna a 2014 cewa nan ne cutar ke fara yin ɓarna a ɓera, na Haidelbag ta Jamus kuma a 2016 suka nuna yadda take bin wata hanya daga nan zuwa cikin ƙwaƙwalwa. Tun 2008 ma wani ayari da ya haɗa da masana na Okisfod ya yi amfani da ƙwayoyin ƙarfe da suka fi namu girma, aka liƙa musu sinadarin da ke kama ƙwayoyin daskarar da jini, suka ga cutar a ƙwaƙwalwar ɓera tun hoton MRI na yau da kullum bai nuna komai ba.

Ɗalibai na bayana sukan tambaye ni yaushe za a fara yi wa yara. Ina faɗa musu kada su yi gaggawa. Ɓera ba yaro ba ne. A yaro babban abin da ake gani shi ne jajayen ƙwayoyi masu ɗauke da falsifarom sun manne a bangon ƙananan jijiyoyi sun cushe su. A ɓera fararen ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke kan gaba wajen ɓarnar, kuma masana sun daɗe suna sa-in-sa a kan iya nisan da za a yarda da wannan kwatanci. Sashen jin ƙamshin ma, in aka gwada shi da girman ƙwaƙwalwar, a ɓera babba ne, a mutum ɗan mitsitsi. Sannan ƙarfe da maleriya ba abokan wasa ba ne: gwajin da aka yi a tsibirin Pemba na Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna ba yara ƙarin ƙarfe barkatai a wurin da maleriya ta yi katutu ya ƙara haɗarin kwanciya asibiti ko mutuwa. Shi kansa ferumoksitol a 2015 hukumar Amurka ta ɗora masa gargaɗi mafi tsanani saboda wasu jikinsu na ƙinsa har ya kai ga halaka. Abin da ke rage wa yaranmu wannan cuta a yau shi ne gidan sauro, da maganin rigakafin damina da aka fara rabawa a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru a 2016, da allurar rigakafin da Kamaru ta shigar cikin jerin allurar yara a Janairun 2024, da kai yaro asibiti tun zazzaɓi bai zama jijjiga ba.

Abokina na Njamena shi hankalinsa ya tafi wani wuri. Akwai ƙananan na'urorin MRI masu tayoyi, ƙarfinsu tesla 0.064, ba ruwansu da heliyom, a soket ɗin bango ake jona su. Amurka ta ba ɗaya izini a 2020, kuma an riga an kai irinta Blantaya. A ƙaramin ƙarfi irin wannan ƙwayoyin ƙarfen kan iya haskaka hoto maimakon baƙanta shi, abin da zai raba su da zubar jini tun daga allo. Yana so ya yi digirinsa na gaba a kan lissafin wannan, kuma ya fara neman wanda zai karɓi bututan agar da za mu haɗa a nan Ngaundere ya auna mana su a irin wannan na'ura. Ni kuma an turo mini sabon rukunin fayil, na ƙwaƙwalen da aka ciro aka kwana ana ɗaukarsu a na'ura, inda babu numfashi balle motsi, ɗigon hoto ya fi na da ƙanƙanta sosai. Lambobi ne kawai a kansu, makullin yana wurin malama.